Yadda Ake Tsara Gadar Igiyar Ƙarfe a Rafukan Kudancin Kaduna

Gadar igiya gada ce da nauyinta gaba ɗaya yake rataye a jikin igiyoyin ƙarfe da aka miƙa daga wannan gaɓa zuwa waccan, aka ɗaure bakinsu a turaku masu nauyi da ke binne a ƙasa. Ba ta da ƙafa a cikin ruwa, kuma babban amfaninta ke nan. Gadar kankare, ko irin gadojin ƙarfen da aka kafa wa layin dogon da ya mai da Kafanchan mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, sai an yi mata ginshiƙai a tsakiyar kogi idan yana da faɗi, kuma ginshiƙan nan su ne ke cin kuɗi, su ne kuma ruwa yake fara yi wa illa. Igiya kuwa takan haye mita 40, ko 80, ko 120 a miƙe ɗaya, da kayan da mutane za su iya ɗauka a ka har bakin rafi.

Ƙasar kudancin Kaduna ta dace da irin wannan gada. Ruwan sama yakan fara tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan Kagoro da gefen tudun Jos ba su da nisan tafiya kafin su iso gonaki. Saboda haka rafin da yaro ya ratsa da safe ruwa iya ƙwauri yakan iya shan kan babban mutum da la'asar, ko da ba a yi ruwan a ƙauyen ba. A yankunan Jama'a da Kaura da Zangon Kataf da Sanga akwai ƙauyukan da rafi ɗaya ne ya raba su da makaranta ko asibiti ko kasuwa. Manomin citta a Kachia ko Jaba yana bukatar taki ya isa gonarsa a tsakiyar damina, daidai lokacin da mashigi ya cika. Inda rafi ƙarami ne, kwalbati ya wadatar, kuma irinsa aka yi ta ginawa a shirin hanyoyin karkara na RAMP da Bankin Duniya ya tallafa wa Jihar Kaduna da shi daga 2008. Inda faɗin ya wuce mita 25 ko 30, masu wucewa kuma ba su wuce 'yan ƙafa da babura da dabbobi ba, a nan gadar igiya take da ta cewa.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A ƙasar Peru har yau mutanen ƙauye suna sake saƙa gadar ciyawa ta Q'eswachaka a kan kogin Apurimac duk watan Yuni. Tsarin da ake bi a karkara yanzu ya fi samun gyara a Nepal, inda gwamnati da ƙungiyar Helvetas ta Suwizalan suka yi shekaru da dama suna aiki tare, har yawan gadojin ya kai 10,000 a 2023. Ƙungiyar Bridges to Prosperity, wadda aka kafa a 2001, ta ɗauko wannan tsari ta kawo shi Habasha da Ruwanda. Yawancin ƙa'idojin da ke tafe daga gogewar waɗannan wurare suka fito.

Iri biyu

Na farko shi ne wanda ake shimfiɗa katako kai tsaye a kan igiyoyin, sai hanyar ta bi lanƙwasar igiya: a gangara daga wannan gaɓa, a hau zuwa waccan. Ya fi araha, ya fi sauƙin gini, amma sai gaɓoɓin biyu suna da tudu sosai, domin tsakiyar gadar ita ce mafi kusa da ruwa. Na biyu shi ne mai hasumiya a kowace gaɓa. Manyan igiyoyi suna bi ta kan hasumiyoyin, a rataye shimfiɗar daga gare su da siraran ƙarafa, ta fito a miƙe ko ta ɗan yi doro a tsakiya. Wannan shi ake yi a fadama da wuraren da gaɓa ba ta da tsayi, shi ne kuma kaɗai ya dace idan Keke Napep zai riƙa hawa.

Zaɓen wuri

Kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa da ƙarin siminti. Abu na farko shi ne sanin iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ba a dogara da abin da aka gani a damina ɗaya. Ana tambayar dattawan ƙauye, kowa daban, a ce su nuna da hannu inda ambaliya mafi girma da suka sani ta tsaya, sannan a gwada maganarsu da shaidar da ruwa ya bari: yayi da leda da suka maƙale a rassan itatuwa, da tabon laka a jikin duwatsu. Daga wannan alama zuwa mafi ƙasƙancin wuri a gadar, a bar aƙalla mita 2 inda ruwa yake da filin bazuwa, mita 3 a kwazazzabo inda ba shi da wurin zuwa sai sama. A tsaunukan Nepal mita 5 suke bari. Ba don ruwan kaɗai ake barin wannan tazara ba. Itacen da ambaliya ta tumɓuke yana tafe ne da rassansa a sama, kuma shi ne yake kama gada ya fizge ta.

Ana neman inda rafin ya miƙe. A kan kwana ruwa yana cin gaɓar waje kowace shekara, gadar da aka kafa a can wata rana za a tarar da gindinta a sarari. Haka kuma ana guje wa mahaɗar rafuka biyu da bakin kwari mai zaizaya. Gindin ginin yana ja baya daga bakin gaɓa: a ƙasa zalla, aƙalla mita 3, kuma ya kasance bayan layin da aka ja daga gindin gaɓar zuwa sama a kusurwar digiri 35. A kan fa mai ƙarfi ana iya matsowa kusa. Yankin kudancin Kaduna yana da arzikin dutse, sai dai dole a bambance fa na ainihi da ƙaton dutsen da ya gangaro ya zauna a kan ƙasa. Marmara ma tana ruɗi, domin takan yi tauri a sama alhali ƙarƙashinta yumɓu ne mai laushi. Ramin gwaji mai zurfin mita 2 a kowace gaɓa shi ne yake raba gardama.

Bambancin tsayi tsakanin gaɓoɓin kada ya wuce kashi 4 cikin ɗari na faɗin, wato mita 2.4 a gadar mita 60. Wani sharaɗin kuma ba na awo ba ne: gadar ta kasance kusa da hanyar da mutane suka saba bi. Idan aka kai ta nesa don neman dutse mai kyau, mai kaya a ka zai ci gaba da shiga ruwa a tsohon mashigi. A kuma daidaita da masu gonakin da turakun za su zauna a ciki, a gaban mai unguwa ko dagaci, tun kafin a kai buhun siminti ko ɗaya.

Nauyin da za ta ɗauka

Nauyi iri biyu ake lissafawa. Akwai na gadar kanta, wato igiyoyi da katako da ƙarafa da raga, wanda a gada mai faɗin mita ɗaya yakan kai kimanin kilo 100 a kowace mita ta tsawo. Akwai kuma na masu wucewa. A nan ba a lissafa ranar da mutum uku ne a kai, ana lissafa ranar da ta cika maƙil daga baki zuwa baki, kamar ranar kasuwa, ko rakiyar gawa, ko lokacin da yara suka taru kallon ambaliya. Ma'aunin da aka saba shi ne kilo 400 zuwa 500 a kowane murabba'in mita.

Babur da Keke Napep ba su cika ƙara wa manyan igiyoyi wani abu a kan wannan ba, domin taron jama'a ya fi su nauyi. Matsalarsu ita ce suna tara nauyinsu a wuri guda. Babur ɗauke da direba da buhun citta biyu yana sauke mafi yawan nauyin a kan tayar baya, a kan katako ɗaya, a fili da bai fi tafin hannu ba. Don haka kaurin katako da ƙarfin gicciyayyun ƙarafan da ke ƙarƙashinsa, da taya ake auna su. Faɗin mita 1 zuwa 1.2 ya ishi 'yan ƙafa da babur da saniya. Keke Napep yana son kusan mita 2, kuma da zarar an faɗaɗa shimfiɗa, nauyin taron da za ta iya ɗauka ya ninka, komai na lissafin ya ninka tare da shi. Wannan shawara ce da ake yankewa tun farko, ba bayan an gama gini ba.

Cikin igiya

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne abin da ya fi saɓa wa tunanin wanda bai saba ba. Duk wanda ya taɓa ɗaure igiyar shanya ya san cewa idan aka ja ta ta miƙe tsaf, jiƙaƙƙen bargo ɗaya ya isa ya tsinka ta ko ya ciro ƙusar, amma idan aka bar ta ta yi ciki sai ta ɗauki wankin gida duka. Igiyar gada haka take. Cikin da take yi ba rauni ba ne, shi ne yake rage mata wahala.

Lissafin ja a jikin igiya kuwa gajere ne. A ɗauki nauyin mita ɗaya, a ninka shi da faɗin rafin sau biyu, a raba da zurfin ciki sau 8. Misali gada mai tsawon mita 60, mai ɗauke da kilo 500 a kowace mita (100 nata, 400 na jama'a), wadda aka ba ta cikin mita 3. Kilo 500 sau 60 sau 60 ya ba da 1,800,000. A raba da 24, a sami kilo 75,000, wato tan 75. A lura da kyau: duk abin da ke kan gadar tan 30 ne kacal, amma jan da turke yake sha tan 75 ne. Da wani zai ga cikin ya yi yawa ya ɗaure igiyar ya koma mita ɗaya da rabi don gadar ta yi kyan gani, jan zai tashi zuwa tan 150. Da kuma an kafa hasumiya aka ba igiyar cikin mita 6, zai sauko zuwa tan 37 da rabi.

To me zai hana a yi ta ƙara ciki? Abu biyu. Tsakiyar gadar za ta kusanci ruwa, kuma gangaren bakinta zai yi tsanani. A gadar da ake tafiya a kan igiyoyinta, an tsaya a kan kashi 5 cikin ɗari na faɗin, wato ɗaya bisa 20, wanda yake ba da gangaren mita ɗaya a cikin biyar a bakin shiga. Tsohuwa mai itace a ka za ta iya da wannan, mai babur ma zai iya idan ya yi a hankali, amma fiye da haka ya zama wahala, balle katako ya jiƙe. A gada mai hasumiya, tun da ba a kan igiyar ake tafiya ba, ana ba ta kashi 8 zuwa 12.

Ba a sayen igiyar da ƙarfinta ya yi daidai da jan da aka lissafa. Ana ninka shi sau 3. A misalin nan, ana neman igiyoyin da jimillar ƙarfinsu kafin su tsinke ya kai kusan tan 230. Igiya mai kaurin milimita 32 takan ɗauki kusan tan 60, saboda haka huɗu sun isa: biyu a ƙarƙashin shimfiɗa, biyu a sama a matsayin abin riƙo, dukkansu suna ɗaukar kaya tare. Ainihin ƙarfin kowace igiya a takardar kamfanin da ya ƙera ta ake ganinsa, kuma wadda ba ta da takarda sai an yanki guntunta an kai ɗakin gwaji, irin na sashen injiniyan gine-gine a jami'a, an ja shi har ya tsinke. A zaɓi mai rufin zinki saboda tsatsa. Ana amfani da igiyoyin da suka yi aiki a wani wuri, kuma ba laifi ba ne: Toni Rüttimann, ɗan Suwizalan da ya fara wannan aiki a Ekwado bayan girgizar ƙasar 1987, ya gina ɗaruruwan gadoji da tsofaffin igiyoyi da bututun kamfanonin mai. Amma ana bin tsohuwar igiya taku-taku da tsumma a hannu. Inda tsumman ya maƙale, waya ta karye. Duk wadda ta taɓa ƙullewa, ko ta baje, ko tsatsa ta shiga tsakanin tufkarta, ta tashi daga aiki.

Turke

Mafi yawan siminti da dutse da gumin aikin a nan suke tafiya, a wurin da babu mai gani bayan an gama. Turke dole ya iya riƙe jan da aka lissafa har da ƙarin rabi, wato tan 75 ya zama kusan 112. Idan nauyinsa kaɗai za a dogara da shi, yana zaune a kan ƙasa, sai ya kai wajen tan 225, ginin dutse na kusan kyubik mita 100 a kowace gaɓa. Shi ya sa ake binne shi. Ana haƙa rami mai zurfi a gicciye, a zuba doguwar katangar kankare mai rodi a kwance, igiyoyin su zagaye ta, sannan a gina matakalar hawa gadar a kanta a cika da duwatsu. Ta haka ƙasar da ke gabansa da dutsen da ke kansa duk suna taya shi riƙo. Ƙasar da ta sha ruwa ƙarfinta yana raguwa ƙwarai, don haka da yanayin watan Agusta ake lissafi, ba na Fabrairu ba, kuma a yi wa turken magudana ta yadda ruwan gangare ba zai kwanta a bayansa ba. Inda aka dace da fa na gaske, ana huda shi a dasa rodi da siminti, aikin ya ragu sosai.

Kwaɓin da aka saba shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Rani ne lokacin aikin, daga Nuwamba zuwa Maris, amma iskar hunturu tana busar da kankare tun bai yi ƙwari ba. A rufe shi da buhuna, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, kuma ba a ɗora masa jan igiya kafin mako biyu.

Bakin igiya ana lanƙwaso shi bayan ya zagaye turke, a matse shi da maɗauran ƙarfe masu siffar U. Yadda ake ɗaura su yana da ƙa'ida ɗaya da ba a saɓawa: lanƙwasar U tana zama a kan guntun bakin da aka lanƙwaso, faffaɗan gindin kuma a kan igiyar da ke ɗauke da kaya. Idan aka juya, U ɗin zai murƙushe igiyar mai aiki. Ana sa biyar zuwa bakwai gwargwadon kauri, tazarar kaurin igiya sau shida tsakanin kowanne, kuma sai ƙirarru masu ƙarfi, ba na zubi masu arha da ake ɗaure shinge da su ba. Bayan igiya ta ɗauki kaya takan ɗan rame, saboda haka a koma a sake ɗaure kowane noti.

Miƙa igiya da shimfiɗa

Ana fara haye rafin da siririyar igiya, da ita ake jawo manyan, a ɗaga su da cenbulok irin wanda makanikai ke ciro injin mota da shi. Igiya tana ƙara tsawo idan aka ɗora mata katako, don haka ba a sa ta a cikakken cikinta tun farko. A gadar mita 60 ana tsayar da ita a kimanin mita 2.75, nauyin shimfiɗa ya kai ta 3. Ana auna wannan zurfi daga inda igiyar ta hau gini zuwa ƙasa, a yi alama a gaɓoɓin biyu da na'urar awo ko tiyon ruwa na magina, sannan mutum ya sa ido daga alama zuwa alama yana ba masu ja umarni har gindin lanƙwasar ya taɓa layin. A bar ta ta kwana, a sake dubawa da sassafe kafin rana ta ɗumama ƙarfen. Igiyoyin ƙasa tilas cikinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba ɗaya za ta ɗauki kayan 'yar'uwarta, gadar kuma ta karkace.

Daga nan sai gicciyayyun ƙarafa ko katako, tazarar mita ɗaya-ɗaya, kowanne a haɗa shi da igiyar sama da rodi mai milimita 10. Katakon shimfiɗa ya kai kaurin santimita 5, a jera shi a tsaye ta yadda mahaɗarsa ba za ta faɗo a layi ɗaya ba, a bar 'yar tazarar da ruwa zai zube amma kofaton akuya ba zai shiga ba. Kirya da kawo da maɗaci suna jure ruwa da gara. Malaina da maje ba sa daɗewa a fili. Igiyar riƙo ta kai tsayin mita 1.1, a rufe gefe da ragar waya tun daga ƙasa saboda ƙananan yara. Duk mai aiki a kan igiya yana ɗaure da ɗamarar tsaro.

Lilo da iska

Gada marar nauyi tana motsi, kuma ɗan motsi ba haɗari ba ne. Haɗarin yana zuwa ne idan bugun da ake yi mata ya dace da lilonta na asali. Mai tafiya yana taka ƙasa kusan sau biyu a daƙiƙa, yana karkata gefe kusan sau ɗaya. Gadar Millennium ta Landan, da aka buɗe a Yunin 2000, kwana biyu kawai ta yi aka rufe ta, domin da ta fara kaɗawa sai jama'a suka daidaita takunsu da ita ba da saninsu ba, kaɗawar ta ƙaru. Ba a sake buɗe ta ba sai 2002. Iska ma haka: ita ta murɗe gadar Tacoma ta Amurka har ta faɗi a 1940. A kudancin Kaduna guguwar farkon damina ce abin tsoro. Maganinta shi ne igiyoyin gefe da ake ɗaurewa daga jikin gadar zuwa ƙananan turaku a sama da ƙasan rafi, musamman idan tsawon ya wuce mita 120 ko wurin fili ne. Kada a rufe gefen gada da kwano ko allon talla, domin iska za ta sami abin turawa. Gadar da Keke Napep zai hau tana bukatar ƙarin saƙar ƙarfe a gefenta, wadda za ta raba nauyinsa ga marataya da yawa maimakon shimfiɗar ta lotsa a ƙarƙashinsa. A bakin kowace gada a dasa turakun kankare da za su hana abin da ya fi ƙarfinta shiga, domin allon gargaɗi ba ya tsayar da direban da ke sauri. Shanu kuma a riƙa shigar da su kaɗan-kaɗan.

Kulawa

Lissafin da aka kawo a sama na fahimta ne da na kintacen kuɗi. Zanen da za a yi gini da shi sai injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba ya sa hannu, ƙaramar hukuma kuma ta san da aikin. Bayan an buɗe gada, kwamitin ƙauye ne yake riƙe ta. Gadar Morbi a Indiya ta faɗi ranar 30 ga Oktoba, 2022, kwanaki kaɗan bayan an sake buɗe ta daga gyara, mutum fiye da 130 suka rasu, bincike kuma ya gano cewa kusan rabin wayoyin igiyar da ta tsinke tsatsa ta riga ta cinye su. Tsatsa ta fi kama igiya a inda take shiga ƙasa ko kankare, saboda haka wurin nan ake fara dubawa, a shafe shi da giris ko kwalta.

Sau biyu a shekara ake zagayen dubawa, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke. Ana shafa fenti a jikin igiya dab da maɗauri na ƙarshe, idan aka dawo aka ga tazara tsakanin fentin da maɗaurin, igiyar tana zamewa, a rufe gadar nan take. Ana sake auna ciki a gwada da na ranar buɗewa, a duba ko gaɓa ta matso kusa da gini, a sauya katakon da ya ruɓe. Da shigowar rani a share ciyawar da ke ƙarƙashi da kewayen gadar tun kafin a fara ƙona daji. Notocin da hannu zai iya kaiwa a ɗan ɗiga musu walda a bakin zare saboda masu kwance ƙarfe su sayar, amma ban da jikin igiyar, domin zafin walda yana kashe ƙarfinta. Duk abin da aka gani da abin da aka gyara a rubuta shi da kwanan wata a littafi guda da ke hannun kwamitin, a nuna wa injiniya duk lokacin da ya zo.